Harsashin Dalma: Abin da Sabon Maharbi Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Ɗora Kasko

Da zarar an gama kaka, gero ya shiga rumbu, sai hankalin samari a Atantane da ƙauyukan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa ya koma daji. Zabin daji da fakara da zomo ba su ƙare ba a kwarin Gulbin Kaba, farauta kuma gado ce a ƙasar Hausa, mai sarautarta da ladubbanta. Harsashin kanti yana da tsada, ba ya ma shiga bindigar gargajiya da ake ɗurawa ta baki. Shi ya sa mai sha'awar harbi yakan yi tunanin narka dalma ya zuba nasa da kansa. A ido aikin ba wuya: kasko, gawayi, ɗan mazubi. Amma yana da ilimi, yana da doka, kuma mafi yawan cutarwarsa kan yaran gida take sauka, waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba.

Dalilin da ya sa maharban duniya suka zaɓi dalma a bayyane yake. Tana narkewa a zafin digiri 327, wanda wutar gawayi ke kaiwa cikin sauƙi, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500. Tana da nauyi, ta ninka ruwa sau 11, don haka ɗan ƙaramin dunƙule yana tafiya nesa da ƙarfinsa. Ga ta da laushi, ba ta cin cikin bututun bindiga. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, maƙeran Zinder sun ƙera igwa, ana kuma haɗa albarushi a cikin birnin. Sai dai waɗancan gwanaye ne da suka tashi a maƙera, suka koya a gaban iyayen gidansu.

Abu na farko da gwani ke dubawa shi ne girman harsashi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam ido bai isa ba. Harsashin da ya yi wa bututu kaɗan yana barin iskar albarushi ta tsere ta gefensa, ƙarfi ya ragu, saiti ya ɓaci, a raunata dabba ta tafi ta mutu a banza. Wanda ya yi yawa kuwa yakan maƙale a tsakiya kafin ya zauna kan albarushi, kuma wannan gurbin da ya rage yana iya fasa bututu a hannun mai harbi. Turawa sun daɗe suna fama da wannan matsala, har a 1849 wani hafsan sojan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da harsashi mai rami a gindi, wanda ke shiga da sauƙi, sa'annan ya kumbura ya cika bututu lokacin da wuta ta kama. Masu zuba harsashi a Amurka a yau suna tura kowane ɗaya ta cikin zoben ƙarfe da aka auna, kuma bambancin da suke nema bai kai kaurin silin gashi ba. Wanda ke sare tsinken ƙarfe ko ya ɗura ƙwallon boris ya ce ai duk ɗaya ne, da ransa yake wasa.

Na biyu shi ne maiko. Fiye da rabin albarushin gargajiya ba ya zama iska idan ya ƙone. Baƙar dauɗa yake bari a cikin bututu, wadda ke bushewa ta yi tauri bayan harbi kaɗan. Kitse da kakin zuma da ake shafa wa harsashi ko ƙyallen da ake naɗe shi, aikinsu su sa dauɗar ta yi laushi, su kuma hana dalma gogewa ta manne. Kitse mai gishiri yana jawo tsatsa, tsatsa kuma tana cin bututu daga ciki inda ba a gani. Wannan ɗan maiko ya taɓa girgiza daula. A 1857 labari ya bazu tsakanin sojojin Indiya cewa Ingilishi sun shafa wa harsasan sabuwar bindigar Enfield kitsen alade da na saniya, ga shi sai soja ya ciji takardar da haƙori kafin ya ɗura. Musulmi da 'yan Hindu suka ƙi, tawaye ya ɓarke a garin Meerut ranar 10 ga Mayu, ya mamaye arewacin ƙasar.

Na uku, ɗuri, shi ne ya fi raba mutane da yatsu da idanu. Garin da ke cikin harsashin zamani ba irin albarushin gargajiya ba ne, ƙarfinsa ya fi nesa ba kusa ba, kuma bindigar maƙera ba ta iya ɗaukarsa. Haka ɗuri kan ɗuri, idan mutum ya manta ya riga ya ɗura. Haka zuba albarushi kai tsaye daga gora bayan an yi harbi, alhali tartsatsi bai mutu a cikin bututu ba. Idan aka ɗana bindiga ba ta tashi ba, ba a leƙa bakinta. A riƙe ta tana kallon inda ba kowa, a jira. Awon albarushi kuwa ba a koyonsa daga rubutu ko hirar majalisa, domin kowace bindiga da abin da take iya ɗauka. In abu ya faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma yawancin wannan tsautsayi ganganci ne ya gayyato shi.

Duk waɗannan mai bindiga suke samu. Gubar dalma kuwa ba ta zaɓe. Sau da yawa tsohon batirin mota ko na sola ake fasawa a ciro farantan ciki don samun dalma. Ruwan batiri yana ƙona fata da ido, farantan kuma suna zubar da gari mai launin toka a ƙasa. Idan dalma ta narke, wani datti yana tasowa a samanta, a kwashe a watsar gefen murhu. Nan yaro mai rarrafe zai bi, ya sa hannu a ƙasa, ya kai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba zai tsotsa. Dalma tana taruwa a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta sami ciki ta koma jini ta kai ga ɗan tayi.

Ba sai an je nesa neman misali ba. A 2010, a jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, saboda ana dakan duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. A unguwar Thiaroye-sur-Mer ta Dakar, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka mutu inda ake fasa tsofaffin batura don sayar da dalmarsu. Alamomin suna ruɗarwa: ciwon ciki, taurin bayan gida, amai, kasala, ƙarancin jini, sai jijjiga da suma. Wasu su ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu su ce iskoki. Yaron da ya tsira ma yana iya tashi da nauyin kai a makaranta, ba wanda zai danganta abin da kaskon babansa. Duk wanda ake narka dalma a gidansa, in ya kai yaro likita, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya haka tun farko.

Wanda sana'ar ta zame wa dole, to ya fitar da ita daga gida, nesa da rijiya da madafa da wurin wasan yara, ya tsaya inda iska ke kore hayaƙi daga fuskarsa. Kasko da ludayin da suka taɓa dalma sun bar girki har abada. Kada ɗigon ruwa ko zufa ko ɗanyen ludayi ya shiga narkakkiyar dalma, don ruwan yana zama tururi nan take ya watso ta fuska. Ba cin goro, ba shan taba, ba riƙe harsashi a baki. In an gama, a wanke hannu da sabulu, a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro. Naman da aka harbo ma sai an yanke kewayen raunin an binne, domin dalma tana tarwatsewa ƙanana a cikin tsoka. Mai ciki da ƙananan yara su haƙura da wannan wajen. Kayan cikin da aka yar a daji ungulu ke ci ta mutu. Irin wannan ne ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991.

Sai batun hukuma. Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ta tsara lasisin farauta da lokacinta da dabbobin da aka hana kashewa, riƙe bindiga kuma sai da izini. A halin da kudancin jihar Maraɗi ke ciki na 'yan bindiga, wanda jandarma suka kama da mazubin harsashi ba takarda yana da dogon bayani a gabansa.

Nauyin yana kan shugabannin maharba da maƙera da masu gari, don su ake jin maganarsu. Kada su bar sabon shiga ya ɗora kasko sai ya zauna gaban gwani, ya je wurin ma'aikatan gandun daji ya daidaita takardunsa, kuma a ware wa aikin wuri guda a bayan gari inda yara ba sa zuwa.