Na'urar da ke zuba magani a laka: amfaninta da haɗarinta

Mutane da dama da suka samu rauni a laka, musamman a haɗarin mota, na fama da sandarewar gaɓoɓi, inda ƙafa ke ƙagewa ko ta riƙa fizga ba da son mai ita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka a duniya.

A birnin Zariya, irin waɗannan majinyata kan nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Da farko likitoci kan haɗa gashin ƙashi da ƙwayar baclofen, mai sassauta tsoka.

Sai dai kaɗan ne daga cikin ƙwayar ke isa laka, kuma ƙara yawanta na jawo barci da kasala.

Yadda take aiki

A shekarar 1984 wasu likitoci a Chicago suka gwada zuba maganin kai-tsaye cikin ruwan da ke kewaye da laka. Amurka ta amince da hanyar a 1992.

Ana dasa ƙaramin famfo a ƙarƙashin fatar ciki, a haɗa shi da siririn bututu zuwa gadon baya. Kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake sha ta baki kan wadatar, don haka ɗan kuskure wajen saita na'urar na iya zama babba.

Idan maganin ya yi yawa, mara lafiya kan shiga barci mai nauyi, numfashinsa ya raunana, har ya suma.

Idan kuwa ya ƙare ko bututun ya toshe, sai zazzaɓi mai zafi da ƙaiƙayi da ruɗewa su taso, jiki ya sandare. Wannan na iya kisa cikin 'yan kwanaki, kuma a wurinmu da sauƙi a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne.

Ana sake cika famfon duk wata 1 zuwa 6, batirinsa kuma kan yi shekara 5 zuwa 7. Saboda haka wanda zai je Indiya ko Masar a dasa masa, ya kamata ya san wanda zai riƙa cika masa bayan ya dawo gida.

Ko mai shan ƙwayar ma, likitoci na gargaɗin kada ya daina farat ɗaya, ko ya ƙara da shawarar mai kemis.