Yadda ɗaliban Fiziks za su fara lissafin shakkun awo da manhajar uncertainties

A ɗakin gwaji irin na sashen Fiziks na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ɗalibin da ya rubuta sakamakon awonsa bai faɗi iyakar shakkun da ke cikinsa ba, bai kammala aikinsa ba. Babu ma'aunin da ke bayar da adadi cif-cif, kuma shakkun yana bin adadin duk inda lissafi ya kai shi.

Domin sauƙaƙa wannan aiki ne Eric Lebigot ya ƙirƙiro uncertainties, wani ƙunshin manhaja na kyauta da ke aiki a harshen kwamfuta na Python. Ana sauke shi da umarnin pip install uncertainties, sannan a shigar da kowane adadi tare da shakkunsa ta hanyar ufloat.

A ɗauki gwajin ƙwallon ƙarfen da ake ratayewa da zare yana lilo, don gano ƙarfin jan ƙasa, wato g. Idan tsawon zaren mita 1.000 ne, da shakkun 0.005, ana rubuta ufloat(1.000, 0.005). Idan zuwa da dawowar ƙwallon ya ci daƙiƙa 2.01, da shakkun 0.02, sai a rubuta ufloat(2.01, 0.02). Da an saka su cikin ƙa'idar g = 4π²L/T², manhajar za ta bayar da 9.77+/-0.20.

Kusan dukkan wannan shakkun daga agogo ya fito, domin ana ninka lokacin da kansa a cikin ƙa'idar, sai kason kuskurensa ya ruɓanya. Saboda haka ɗalibi ya fi cin riba idan ya auna lilo ashirin a jere ya raba, maimakon ɓata lokaci kan sake auna zare.

Manhajar tana kuma tuna asalin kowane adadi: idan aka debe L daga L, sifili take bayarwa babu shakku, inda lissafin hannu kan yi tuntuɓe.

Sai dai tana da iyaka. Hanyar lissafinta ta dace ne da shakku ƙarami. Idan ya yi girma, amsar na iya karkacewa. Haka kuma ba ta da hanyar sanin cewa bakin rula ya cinye ko agogo yana gudu, wannan sai mai awon ya bincika da kansa kafin ya taɓa kwamfuta.