Gidan haya da gobara: nauyin wa ke nan?

Duk wanda ya zauna a Nima, ko Mamobi, ko Sabon Zango a Akra, ko kuwa Aboabo ta Kumasi, ya san fasalin gidajenmu: ɗakuna goma ko ashirin kewaye da tsakar gida ɗaya, rufin kwano guda, ƙofar fita guda. Zama ne mai daɗi, domin ba a kwana da yunwa maƙwabci na gani. Amma idan wuta ta tashi a ɗaki ɗaya, ta cikin silin take bi, katako zuwa katako, kafin a tashe mutane ta riga ta kai ƙarshen layi.

Da yawa daga cikinmu suna zaton takardar shaidar kariyar gobara ta masu otal da gidajen mai ce kaɗai. A da kusan haka abin yake. Dokar da aka kafa a 2003, wato L.I. 1724, ta wajabta wannan takarda a kan wuraren aiki, makarantu, asibitoci da masaukin jama'a, kuma wata 12 take yi a sabunta ta. A 2016 aka yi wa dokar gyara da L.I. 2249, aka shigo da gidajen zama. Hukumar Kashe Gobara ta Gana ita ke dubawa, kuma abin da ma'aikatanta ke nema ba boyayye ba ne: hanyar da mutane za su tsere, abin da zai yi ƙara idan hayaƙi ya tashi, da tukunyar kashe wuta mai aiki, wadda ba ta gaji da ratayewa ba.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Doka tana neman mai gida, alhali gidajen zango da yawa gidajen gado ne. Alhajin da ya gina ya rasu tun shekaru talatin, magada sun raba ɗakuna, kowa yana karɓar kuɗin hayar nasa kason, wani har na shekara biyu gaba ɗaya. Ɗakuna suna da masu su. Amma wayar lantarkin da ta ratsa gidan, da zauren shiga, da allon mita, waɗannan ba na kowa ba ne sai ranar da suka kama. Wayar da aka ja domin ƙwan fitila da rediyo, yau ita ce ke ɗauke da firij, dutsen guga, hita da injin daskarar da ruwan sayarwa. Idan fis ya ƙone, sai a kira yaron maƙwabta ya ɗaure shi da waya mai kauri, a ce ya iya aiki. Ai fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin gida. Wanda ya hana shi ƙonewa ya zaɓar wa wutar wani abin ci.

Akwai doka a kan wannan ma. L.I. 2008 ta shekarar 2011 ta ce ba mai ja wa gida waya sai wanda Hukumar Makamashi ta ba shi shaida. Ɗan haya yana da damar ya ce a nuna masa katin mai gyara, kuma wannan ba rashin kunya ba ne.

Sai maganar gas. Fashewar da aka yi a Atomic Junction a Oktoba 2017 ta tsorata mutane da gidajen sayar da gas, amma silindar da ke ƙarƙashin gado ba mai tsoronta. Gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, ya jira ashana ko kurfotin maƙwabciya. Wurin silinda waje ne inda iska ke bi, kuma robar da ta tsage a canza ta, kada a naɗe ta da leda.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne hanyar fita. Tsoron ɓarayi ya sa kowace taga an lulluɓe ta da ƙarfe, ƙofar gida kuma a sa mata kwaɗo da dare, mabuɗi yana aljihun mutum ɗaya. Zaure ya cika da babur, buhunan gawayi da teburin mai koko. A waje kuma kiyos ya cinye lungu, motar kashe gobara ta tsaya can bakin titi tana kallon hayaƙi.

Gidan da magada suka yi yawa, ya kamata su zaɓi wakili ɗaya, a rubuce, a gaban limami ko sarkin zango, wanda zai je ofishin kashe gobara na gundumarsu ya nemi a zo a duba. Kuɗin waya da na tukunyar kashe wuta su fito daga kuɗin haya, tunda masu gida ne ke cin amfaninsa. 'Yan haya kuma nasu shi ne share zaure, da rataye mabuɗi inda kowane babba zai kai hannu cikin duhu. Lambobin kira su ne 192 da 112. A rubuta su da fenti a bangon zaure tun kafin hunturu ya shigo.