Mai Wuƙa Ba Shi Ke Zaɓen Kashi Ba

Wanda ya taɓa shiga watanda a jajiberin Sallah ya san yadda abin yake. A tara kuɗi a sayo sa, mahauci ya feɗe, ya kasa naman a kan buhu, tsoka da ƙashi da kayan ciki. Amma ba a barinsa ya ce wannan na wane ne. Kowa sai ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani murfin kwalba, a kira yaron da bai san ta kowa ba ya ɗora a kan kowane kashi. Ba wai an ɗauki mahaucin ɓarawo ba. An dai san in mai wuƙa ne mai zaɓe, tsoka za ta taru wuri ɗaya.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 a kan wannan zargin aka gina shi. Sashe na 4 ya ba majalisa yin doka, na 5 ya ba shugaban ƙasa aiwatarwa, na 6 ya ba kotu shari'a. Shugaba ne mai wuƙa, sojoji da 'yan sanda duk a hannunsa, amma ba ya taɓa baitulmali sai sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 sun amince da kasafi. In ya ƙi sa wa doka hannu, kashi biyu cikin uku na majalisun biyu su tsallake shi, kamar yadda suka yi wa Obasanjo kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000. Majalisar dattawa ce kuma ta binne masa tazarce a Mayun 2006.

Kotu ce abin tausayi, don ba ta da ko ɗan doka ɗaya nata. A tuna wahalar canjin kuɗi ta 2023, mutane na kwana a layin banki. Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun naira su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Gwamnatin Buhari ta yi gum. Mai kayan miya ta ƙi karɓar tsohuwar ɗari biyar, direba ma ya ƙi, ga hukunci kuwa a rubuce. Sai da aka shafe kwana 10 kafin Babban Banki ya ce a karɓa.