Kiwon Karfasa a Cikin Keji

 Bayaninmu na wannan fitowa a kan kiwon karfasa ne a cikin keji, ga waɗanda suke zaune kusa da babban ruwa, kamar dam ɗin Tiga ko na Challawa ko tafkin Kainji.

Duk wanda ya taɓa zuba karfasa a kududdufi ya san matsalarta, wato yawan haihuwa. Tun tana ƙarama take fara ƙwai, kafin a ankara ruwa ya cika da ƙanana, abinci ya kasa, ba wadda ta kai girman sayarwa. To, keji yana maganin wannan. Dalili kuwa, namijin karfasa gurbi yake haƙawa a ƙasan ruwa, macen ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su a bakinta har su ƙyanƙyashe. A keji babu ƙasa, saboda haka ƙwan sai ya zube ta ramukan raga, kifi ya dukufa ga ci da girma.

Haɗa kejin ba wuya. Za a ɗaure gora ko katako kusurwa huɗu, a ɗaura jarkoki ko gangunan roba marasa komai a kowace kusurwa don ya yi iyo. Sai a rataya raga kamar jaka, a ɗaura duwatsu a gindinta don ta miƙe, a rufe sama saboda tsuntsaye. A bar aƙalla mita 1 tsakanin gindin raga da ƙasan ruwa, don kashin kifi ya wuce.

Amma fa a sani, kejin ne mai araha, abinci kuwa shi yake cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. A ba su sau 2 ko 3 a rana, kaɗan-kaɗan, a daina da zarar sun daina ɗauka. Lokacin hunturu ba sa ci sosai, sai a rage. A nemi 'ya'yan kifi maza, don sun fi mata saurin girma. In an kula, cikin wata 6 zuwa 8 sun isa kasuwa.

A riƙa wanke gansakuka daga raga, a duba ko ta yage. Kada a cunkusa kifi, kuma kada a sayo 'ya'ya inda ba a sani ba. A tafkin Bolta na ƙasar Gana, inda wannan kiwo ya bunƙasa, cuta ta shiga a shekarar 2018 da 2019, ta kashe kifi mai yawan gaske.

Iyaye, kafin a sa keji a nemi izinin hukumar da ke kula da ruwan, a kuma shawarci sarkin ruwa. Ku kuma ɗalibai, ku taimaka da awon abinci da rubuta lissafi, amma kada ku shiga kwalekwale ba tare da babba ba.

Allah ya sa albarka a nema, amin. Wassalam.