Daga Gandu Zuwa Aji: Hanyar Da Ɗan Karkara Ke Bi Ya Zama Malamin Aikin Gona

Idan aka tara sababbin ɗaliban tsangayar aikin gona a jami'o'inmu na Arewa, ko na sashen koyar da aikin gona a kwalejojin ilimi, aka tambaye su abin da suka nema tun farko, da yawa za su ce likitanci ko haɗa magunguna ko injiniya. Da makinsu bai kai ba ne aka turo su nan. A cikinsu akwai wani rukuni da ba a cika lura da shi ba, wato 'ya'yan manoma da suka tashi a karkara, waɗanda suka riƙe fartanya kafin su riƙe fensir. Su ne suka fi jin nauyin faɗin inda suka fito, alhali kuwa su ne suka shigo aji da rabin darasin a hannu. Ra'ayina shi ne, daga cikin waɗannan yara ya kamata mu riƙa nemo malaman aikin gona da gangan, maimakon mu bar lamarin ga sa'a.

Abin da gandu ke koyarwa

Yaron da ya tashi a gidan noma yana fara karatunsa ne tun bai san karatu yake yi ba. Da bazara yana bin iyayensa sharar gona da kai taki. Ruwan shuka na sauka, babba yana gaba da sungumi yana sara, shi kuma yana biye yana jefa iri yana rufewa da ƙafa. Daga nan sai noman firi, sai cira, sai maimai, sai huɗa. Da kaka yana ganin yadda ake ɗaure dami, da yadda ake gyara rumbu kafin a zuba hatsi, da yadda ake adana harawa saboda dabbobi. Kafin ya kai shekara goma sha biyar ya san bambancin jigawa da fadama, ya san gero ya fi dawa jure ƙarancin ruwa, ya san gonar da ƙuduji ya mamaye ta gaji tana neman taki. A gandu ya koyi aikin tare, a gayauna kuma, idan an yankar masa, ya koyi yanke shawara da ɗaukar asara.

Wannan sani ilimi ne na sosai, kuma bincike ya tabbatar da haka. A shekarun 1960, wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bibiyi manoman wasu ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau: Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. A wancan lokaci masana da yawa suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya alama ce ta ci-baya, suna kira da a koma shuka iri ɗaya tak. Sakamakon binciken ya nuna manomin yana da hujja. Haɗa amfanin gona yana ba shi abin da ya fi yawa daga fili guda, yana kuma rage masa haɗari, domin idan wani ya ƙi, wani zai yi. Abin da Baturen ya shafe shekaru yana aunawa da ƙididdiga, ɗan manomi ya tashi ya tarar ana yin sa a bayan gidansu.

Sai dai sanin gandu yana da iyaka. Yaron ya san hatsi yana yin kyau a ƙarƙashin gawo, amma bai san cewa bishiyar tana cikin dangin da saiwoyinsu ke tara sinadarin naitirojin ba, ga shi kuma tana zubar da ganye da damina, don haka ba ta tare wa shuka rana. Ya san gonar da aka yi wake ko gyaɗa bara takan ba da dawa mai kyau bana, amma bai san aikin ƙananan halittun da ke cikin ƙulle-ƙullen saiwar waken ba. Ya san ƙuduji mugu ne, amma bai san cewa tushe ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyin iri masu iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma ba, wanda shi ya sa cire shi kafin ya yi fure ya fi komai muhimmanci. Aikin makaranta shi ne ta ba shi dalilin abin da ya riga ya gani da idonsa. Idan ta yi haka, ta samar da malamin da zai iya tsayawa gaban yara da gaban iyayensu duka.

Ƙofofin da ke kan hanya

Hanyar da ke tsakanin gandu da gaban allo tana da ƙofofi, kuma kowacce tana tsayar da wasu. Ta farko ita ce kalandar makaranta. Zango na uku yana faɗawa ne daidai lokacin shuka da noman firi, lokacin da gidan manomi ya fi bukatar kowane hannu. Jarrabawar WAEC da NECO ma a wannan tsakanin ake yin su. Yaron birni yana bitar karatu, ɗan ƙauye yana raba safiyarsa tsakanin gona da aji.

Ƙofa ta biyu ita ce darussan kimiyya. Mai son karanta aikin gona a jami'a sai ya ci Ingilishi da lissafi da kemistiri da bayoloji ko kimiyyar aikin gona, kuma a jarrabawar JAMB ba makawa sai ya zauna wa kemistiri. Makarantun karkara kuwa su ne suka fi fama da rashin malamin kemistiri da ɗakin gwaje-gwaje. Tun daga shekarar 2015 kuma jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, ga yaron da wataƙila bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar. Ta haka ne wanda ya fi kowa sanin gona yake tsayawa a bakin ƙofar tsangayar noma, wanda bai taɓa ganin zangarniyar gero a tsaye ba ya wuce ciki ba da son ransa ba.

Ƙofa ta uku ta fi sauran wuyar gani, domin a zuciya take. A makarantu da yawa, yaron da ya makara ko ya yi laifi shi ake miƙa wa fartanya ya je ya nome fili. Shekara shida yana ganin noma a matsayin horo, ta yaya zai so ya zama mai koyar da shi? A gida ma labarin bai sauya ba. Uban da ya sayar da ɗan bijiminsa ya biya kuɗin makaranta yana fatan ɗansa ya huta daga duƙe, saboda haka idan ya ji yaron zai karanta noma sai ya ga kamar an yi tafiya an dawo inda aka tashi. Ba a zargin uban da wannan tunani. Abin da ya gani a rayuwarsa ne ya koya masa haka.

Wanda ya tsallake waɗannan ƙofofi yana da hanyoyi biyu ko uku. Zai iya shiga kwalejin ilimi, kamar na tarayya da ke Katsina da Bichi, ya yi shekara uku ya sami takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Zai iya bi ta kwalejojin aikin gona, irin su ta Samaru da ta Mando a Kaduna da ta Audu Bako a Ɗanbatta, ya yi difloma. Ko kuma ya shiga jami'a ya yi digirin aikin gona na shekara biyar, wanda a cikinsa akwai shekarar aikin hannu a gona. A wannan shekara ce mu malamai muke ganin bambanci ƙarara. Ɗan karkaran da ya sha wuya da Turancin littafi a aji ɗaya da aji biyu, da an fita fili sai ya zama shi ne jagora. Shi ke nuna wa abokansa yadda ake kama garma da yadda ake gane akuyar da ba ta da lafiya tun daga tsayuwarta.

Dalilin da ya sa lamarin ya shafe mu duka

Arewacin Najeriya ba ya rashin binciken noma. Tashar Samaru tana aiki tun 1922, kuma tun da aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 take fitar da ingantattun iri na masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga. Gwamnatoci ma sun yi yunƙuri iri-iri. A tsakiyar shekarun 1970 an buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, a 1976 aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, a 1988 aka kafa jami'o'in aikin gona a Makurɗi da Abekuta. Matsalar a kullum ita ce wanda zai ɗauki ilimin daga ɗakin bincike ya kai shi bakin gona cikin harshen da manomi ke ji. Tun da tallafin waje ya ja baya, malaman gona na jihohi suka yi ƙaranci, da yawa sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. A ƙauyuka da dama yau, malamin aikin gona na makarantar sakandare shi kaɗai ne mai ilimin noma na zamani da ake gani kullum.

Abin da rashin wannan ilimi ke jawowa a fili yake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Alhali akwai buhu mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda idan aka ɗaure shi da kyau iskar shaƙa takan ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, a shekarar kuma wata sabuwar tsutsa mai cin masara ta bayyana a ƙasar. Har gobe akwai manomin da ke watsa yuriya a saman busasshiyar ƙasa, kaso mai yawa na amfaninta ya bi iska, maimakon ya binne ta. Duk waɗannan abubuwa ne da malami ɗaya mai himma zai iya koya wa yara arba'in a aji, su kuma su kai gidaje arba'in.

A nan ne ɗan karkara ya fi dacewa da aikin. Ya san kalmar da manomi ke amfani da ita, ya san lokacin da ake samun magidanci a gida, ya san ba a gyara wa dattijo aikinsa a gaban 'ya'yansa. Kuma yakan yarda ya zauna a ƙauye, inda wani ke neman a mayar da shi birni tun kafin ya kwance kaya. Da ɗan gari akan ci gari. Haka abin yake ga 'yan mata. A karkararmu mata ne ke riƙe da kiwon awaki da kaji da sarrafa gyaɗa da adana iri, kuma malama mace tana shiga gidan da malami namiji ba zai shiga ba.

Akwai kuma gaggawa a cikin lamarin. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, yara suna girma a gefen birane nesa da gonakin kakanninsu. Ilimin da ake gada daga uba zuwa ɗa a bakin kunya yana yankewa a gidaje da yawa. Abin da gandu ya daina koyarwa, in makaranta ba ta ɗauka ba, ya tafi ke nan.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, jihohi su ware guraben tallafin karatu ga 'ya'yan manoma maza da mata masu son koyar da aikin gona, bisa sharaɗin su koma ƙananan hukumominsu su yi aiki na wasu shekaru. Na biyu, a kai malaman kemistiri da bayoloji makarantun karkara da ɗan ƙarin alawus, domin ta wannan ƙofa ce ake rasa mafi yawan yaran. Na uku, shugabannin makarantu su daina horo da fartanya, su farfaɗo da gonar makaranta, a bar ɗalibai su auna abin da suka kashe da abin da suka girbe, su kuma sami rabo a cikin ribar. Kunya biyu a jere, ɗaya da ingantaccen iri ɗaya da na gida, sun fi shafi goma na rubutu a allo, domin gani ya kori ji. Na huɗu, mu da ke koyarwa a manyan makarantu mu riƙa tambayar ɗalibi yadda ake yi a garinsu kafin mu gaya masa abin da littafi ya ce, mu kuma riƙa gayyatar sarakunan noma su yi wa ɗalibai bayani.

Ga ɗalibin da ke karanta wannan shafi, wanda ya fito daga gidan noma kuma yake ɓoye hakan a tsakanin abokansa, ina ba shi shawara ya riƙe abin da ya koya a gona da kyau, ya ɗora masa kimiyya. Ga iyaye kuma, yaron da ya karanta noma ya dawo yana koyarwa bai yi asarar tafiyarsa ba, domin ya dawo da abin da zai ƙara yawan damin gidansu da na maƙwabta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a karkararmu.