Wutar Girki Daga Kashin Shanu

Sanin kowa ne cewa itacen girki na ƙara wuya a ƙasar Hausa, alhali kuwa kashin shanu na nan jibge a mayanka da garake. Wannan ne ya sa masana, ciki har da na Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suka daɗe suna nazarin yadda za a samu iskar gas daga wannan shara.

Tun a shekarar 1776 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya lura cewa iskar da ke tasowa daga laka a bakin tafki tana kamawa da wuta. Ita ce ake kira metan. Idan aka dama kashin shanu da ruwa daidai wa daida, aka zuba a rami mai murfi wanda iska ba ta shiga, iskar da za ta taru a sama takan ƙunshi metan kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Mafi yawan sauran kabon-dayoksaid ce.

Ramin nan tamkar tumbin saniya yake, domin cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma aikinsu hannu da hannu ne. Rukunin farko, wato bakteriya, su ke farfasa dagwalon su mayar da shi ruwa mai tsami. Rukuni na biyu kuwa su ke cinye tsamin su fitar da metan. An daɗe ana ɗaukar waɗannan na biyu a matsayin bakteriya, sai a 1977 Carl Woese na Amurka da abokin aikinsa suka nuna cewa wani jinsi ne dabam, wanda yanzu ake kira akiya.

A nan gizo ke saƙa. Masu samar da metan ba su da saurin hayayyafa, iskar oksijin guba ce a gare su, kuma ba su jure tsami. Idan mai rami ya yi zari ya cika shi da shara a lokaci guda, sai rukunin farko su rinjayi na biyu, tsami ya yi yawa, wuta ta mutu a murhu. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan maginin, alhali yawan ciyarwa ne ya jawo. Maganinsa shi ne a dakata da zubawa, a sa 'yar farar ƙasa.

Zafi ma na da nasa tasirin. Halittun sun fi ƙwazo a wajen digiri 35 na ma'aunin Salsiyos, shi ya sa gas kan ragu da hunturu.

Abin da ya rage a ramin bayan kwana 30 zuwa 40 taki ne mai kyau, saɓanin busasshen kashin da aka ƙona, wanda sinadarin naitirojin ɗinsa ke bin hayaƙi. Sai dai kowane bokitin kashi na buƙatar bokitin ruwa kullum, kuma a garin da rijiya ke ƙafewa da bazara, wannan ne lissafin da ya kamata a fara yi kafin a haƙa rami.